Hukuncin Cinikin Gunkin Tagulla Mai Rawa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, maganarmu ta wannan mako a kan wata haja ce wadda 'yan'uwa fatake masu zuwa Indiya kan ci karo da ita, wato gunkin tagulla mai rawa da ake kira Nataraja.

Siffa ce ta Shiba, ɗaya daga abubuwan bautar Hindu. Hannunsa huɗu, ɗaya da ɗan ganga, ɗaya da harshen wuta. Ƙafar dama ta danne wani wada, ta hagu a ɗage, zoben wuta ya kewaye shi. Maƙeran daular Chola ta kudancin Indiya suka shahara da shi tun wajen ƙarni na 10. Sukan siffanta shi da kakin zuma, su lulluɓe da yumɓu, su gasa har kakin ya tsiyaye, sa'an nan su zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa, kamar yadda maƙeran Bini ke yi. Gwaninta kam akwai ta.

To, amma gwaninta ba ta halatta ciniki. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Jabir cewa a shekarar Fatahu Makka, Manzon Allah (S.A.W.) ya haramta sayar da giya da mushe da alade da gumaka. Malamanmu na Malikiyya kuwa sun haramta yin sura mai inuwa ta abu mai rai in gaɓoɓinta sun cika, suka togace 'yar tsanar yara mata. Balle wannan, wanda har yau ake bauta masa. Sai dai a kula, Suratul An'am ta hana mu zagin abin bautar wasu.

Akwai kuma batun sata. A 2006 aka sace wani tsohon Nataraja daga ɗakin bautar ƙauyen Sripuranthan a jihar Tamil Nadu. Dillali Subhash Kapoor ya sayar wa gidan adana kayan fasaha na ƙasar Ostireliya a 2008 kan dala miliyan 5.6, da takardun asali na jabu. Da asiri ya tonu, Ostireliya ta mayar wa Indiya a 2014, shi kuwa dillalin kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 10 a 2022.

Kaya irin wannan ba ya ƙetare iyaka sai da takarda. Saboda haka ma'aikacin kwastan da ya sa hannu alhali ya san ta jabu ce, ya yi tarayya da ɓarawon, ko da bai taɓa gunkin ba.