Kafin A Sayi Babban Amalanke, A Dubi Mahaɗi

Idan rani ya yi, albasa da tafarnuwa suka fara fitowa daga fadamun Wurno da Goronyo, manomin da Allah ya ba sa'a ba ya rasa 'yan kuɗi a hannu. A irin wannan lokaci ne a kan ji mutanen Tursa da sauran ƙauyukan ƙasar Rabah suna shawarar sake abin ɗaukar kaya. Mai amalanken jaki yana so ya koma na shanu. Mai na shanu yana so a ƙera masa wanda ya fi nasa faɗi da tsawo. Wanda ya ɗan fi ƙarfi kuwa idonsa na kan tirelar da tarakta ke ja. Wannan buri ba laifi ba ne, gama tun da aka gama madatsar ruwa ta Goronyo a 1984 noman rani ya ƙaru a kwarin Rima, kaya kuwa ba su kai kansu kasuwar Achida ko Sakkwato.

Amma akwai kuskure guda wanda ya zama ruwan dare. In mutum ya je wurin mai walda, tambayar da ya ke fara yi ita ce, "Buhu nawa zai ɗauka?" Ba a cika jin wanda ya ce, "Me zai ja shi, a ina kuma za a ɗaura shi?" ba. Alhali kuwa tambaya ta biyun nan ita ce ta kamata ta riga. Bodi ko wane mai walda yana iya faɗaɗa shi. Wuyan sa ba a faɗaɗa shi.

Tun wajen 1928 ne Ma'aikatar Gona ta fara koya wa manoman Arewa huɗa da shanu, daga baya amalanke ya biyo. Masanan da suka auna ƙarfin shanun aiki sun tarar sa lafiyayye yana iya jan abin da ya kai kimanin ushirin nauyin jikinsa, ya daɗe yana yi bai galabaita ba. Yana iya fin haka nesa in an matsa masa, amma na ɗan lokaci ne. To, a ƙaddara bijimai biyu ko wane kilo 400. Ƙarfin jan da za su jure shi ne wajen kilo 80. Wannan ba shi ne nauyin kayan da ke cikin amalanke ba, domin taya tana rage wahala ƙwarai. A kan hanya mai tauri, amalanke mai tayar mota ba ya neman fiye da kashi 1 cikin 20 na nauyinsa kafin ya tafi. Watau in amalanken da kansa kilo 300 ne, aka ɗora masa buhu 10 masu kilo 100, jimla kilo 1,300 ke nan, jan da ya ke nema bai wuce kilo 65 ba. Shanun nan za su tafi da shi suna tuƙa.

To, amma ina hanya mai tauri tsakanin fadama da gari? Wanda ya san ƙasar nan ya san akwai rairayi, akwai laka a bakin gulbi, akwai hawa daga fadama zuwa tudu. A cikin rairayi mai zurfi jan da amalanke ke nema ya kan kai humusin nauyinsa, watau kayan nan na ɗazu sun koma neman kilo 260, fiye da ninki uku na abin da shanun ke jurewa. Hawa kuma yana da nasa haraji: in hanya tana tashi taki 1 cikin ko wane taki 20, an ƙara wani kilo 65. Wannan duk a kan buhu 10 ne. Sai mai hankali ya lissafa wa kansa abin da zai faru ran da aka ƙera bodin buhu 20 aka ɗaura wa shanun nan dai. Abin da a kan gani shi ne yaro ya sauko da sanda, sa ya durƙusa, a ce wai ragon sa ne. Ba ragonci ba ne, lissafi ne aka ƙi yi.

Sa'an nan ga maganar mahaɗi, wadda ita ce aka fi rainawa. Amalanke mai ƙafa biyu tamkar sikeli ya ke. Aksul, watau ƙarfen da ya haɗa tayoyin nan biyu, shi ne tsakiyar sikelin. Duk abin da aka ɗora gaban aksul yana danna sandar ja ƙasa, sandar ta danna karkiya, karkiya ta danna wuyan shanu gaban tozo. Duk abin da aka ɗora bayansa kuwa yana ɗaga sandar sama, karkiya ta tashi, igiyar da ke ƙarƙashin wuya ta shaƙe maƙogwaro. Ko wanne daga cikin biyun nan yana kashe aiki. Na farko shi ke kawo gyambon wuya wanda kan zaunar da sa makonni, sau da yawa ma daidai lokacin da a ke bukatarsa don huɗa. Na biyu ya fi sauri, gama an sha ganin jaki ya tashi sama ƙafafunsa na lilo saboda an cika kaya a baya.

Abin da a ke so shi ne gaba ya ɗan rinjayi baya kaɗan. Gwajinsa ba wuya. Bayan an gama lodi, kafin a kawo shanu, sai namiji guda ya kama bakin sandar ja ya ɗaga. In ya ɗaga ta da hannu biyu ba tare da nishi ba, kuma in ya saki ta koma ƙasa da kanta, lodi ya yi. In ta fi ƙarfinsa, ko kuwa tana neman tashi da shi, sai a sake jera buhuna. Tsawon bodi yana ƙara tsananta wannan al'amari, domin buhu guda da ke can ƙarshen dogon bodi ya fi buhu biyu da ke kusa da aksul rinjaye. Kuma lodin da ya daidaita a fili ba ya zama daidai a hanya. A hawa nauyi ya kan koma baya, a gangara ya dawo gaba, balle in an tula kaya sama kamar yadda a ke yi da kara ko harawa.

Gangara ma tana da wata illa. Galibin amalanken da a ke ƙerawa a ƙasar nan ba su da birki. In aka zo gangarowa, kaya su ke tura shanu, karkiya ta zame gaba ta nufi kai. Rahaji yana da dogayen ƙaho da za su tare ta. Bokolo kuwa, wanda shi ne san da ƙasar Sakkwato ta yi suna da shi, ƙahonsa gajere ne ƙwarai, wani ma kamar babu. Wanda zai ninka kayansa a bayan Bokolo lalle ne ya sa mai walda ya yi masa birki, ko da na katako ne mai danna taya.

Akwai hanyar da a ke ɗauke wa wuya kaya ɗungum, ita ce amalanke mai ƙafa huɗu. A nan tayoyi ke ɗauke da nauyi duka, shanu ja kawai su ke yi. Domin ya iya juyawa, a kan sa wani zoben ƙarfe a kwance bisa aksul na gaba. Tun zamanin kekunan doki Turawa su ke kiran wannan zobe ƙafa ta biyar, sunan kuwa ya bi farantin ƙarfen nan mai maiƙo da ke bayan kan tirela, inda bodi ke hawa ya kulle. Duk wanda ya tsaya ya dubi manyan tirelolin da ke lodin albasa zuwa Kudu ya ga farantin nan, ya kuma ga a inda aka dasa shi: bisa tayoyin baya sosai, ba can ƙarshen mota ba. Hikimar ke nan. Nauyin da ya sauka bisa aksul mota tana ɗaukarsa lafiya, wanda ya sauka bayan aksul kuwa yana ɗaga gabanta. A Amurka, inda mutane kan ja ɗakin kwana mai taya da motar a-kori-kura, ƙa'idar da a ke bi ita ce in an ɗaura a bayan mota kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin ɗakin ya sauka a mahaɗi. In ɗakin babba ne sai a dasa faranti a tsakiyar bodi bisa aksul, a nan mahaɗi ya kan ɗauki kashi 15 zuwa 25. Mutanen can kafin su sayi babban ɗaki su kan fara duba abin da masu ƙera motar suka rubuta za ta iya ɗauka. Da yawa kan tarar motar tana da ƙarfin ja, amma ba ta da ƙarfin ɗauka.

Mai ƙafa huɗu fa ba kyauta ba ne. Ya fi tsada, ya fi nauyi, yana son fili kafin ya juya, in an karya kwana da yawa yana iya kifewa, birki kuwa a gare shi wajibi ne. A hanyar da ta ke shimfiɗaɗɗiya yana da amfani. A lungun gari da bakin fadama mai ƙafa biyu ya fi shi.

Maganar tarakta ita ce ta fi nauyi, domin a nan ba gyambo a ke tsoro ba, rai ne. A 'yan shekarun nan satar shanu da rashin tsaro a gabashin jihar Sakkwato sun sa wasu sun sayar da shanun aikinsu sun koma haya, saboda haka tirelar tarakta ta ƙara shiga harkar mutanen da ba su saba da ita ba. Tarakta tana da wurin ja guda ɗaya, shi ne ƙarfen nan da ke ƙasa, ƙarƙashin aksul na baya. In aka ɗaura sarƙa ko bakin tirela a sama da aksul, misali a ramin da hannun garma na sama ke shiga, sa'an nan kaya suka cije a laka, tayoyin baya ba su iya juyawa, to, injin ba ya tsayawa. Sai taraktar da kanta ta juya bisa aksul, gabanta ya tashi, ta faɗo da baya a kan direba. Wannan duk ba ya kai sakan 2. Ba sabon abu ba ne. Taraktocin farko sun kashe mutane da yawa ta haka a Turai da Amurka sa'ad da garma ta ci karo da dutse ko saiwa, shi ya sa Harry Ferguson, mutumin Ireland ta Arewa, ya ƙago haɗin garma mai hannu uku, ya yi rajistarsa a 1926. Sunansa ne ke jikin jajayen taraktocin Massey Ferguson da kowa ya sani. Amma dabararsa ta garma ce, ba ta hana ganganci da sarƙa.

Ƙusar da ke riƙe bakin tirela ita ma abin dubawa ce. Ƙusa ta gaskiya ƙarfe ne mai tauri, daidai da faɗin ramin, da ɗan makulli a ƙasa mai hana ta tsalle. Abin da a kan gani a maimakonta shi ne guntun rodin gini, ko tsohon noti da aka tsinta, an lanƙwasa kansa. Araha ba ta ado. Rodi yana lanƙwashewa, ya ci, ya karye ba sallama, kuma ba ya zaɓar fili, a hawa ya ke karyewa inda ja ya fi tsanani, yara kuwa na bin tirela a baya. Sarƙa guda da za a ƙara tsakanin tarakta da tirela ba ta kai kuɗin buhun albasa ba.

Tirela mai aksul ɗaya tana sauke wani kashi na nauyinta a bayan tarakta. Wannan yana da kyau domin tayoyin baya su kama ƙasa, amma in ya yi yawa gaba ya kan yi sakayau, sitiyari ya daina jin magana, sai an rataya ƙarafan nauyi a gaba. Tirelar da ba ta da birki kuwa, in nauyinta da kaya ya fi na taraktar, a gangara ita ke mulki, ta turo ta, ta naɗe ta gefe. Direban kirki ya kan haɗa fedar birkin nan biyu da makullinsu kafin ya hau hanya, ya gangara da giyar da zai hau da ita, ba ya sakin mota firi don tsimin mai. Ba ya kuma barin kowa ya zauna a kan ƙarfen ja.

Wani zai ce duk an ji, amma sawu biyu ɓata lokaci ne, albasa ba ta son rana, motar 'yan kasuwa ba ta jira, ga shi kowa yana so ya shiga gida kafin magariba. Wannan magana gaskiya ce, ba a kuwa ce kada kowa ya ƙara girman abin hawansa ba. Abin da a ke cewa shi ne a bi tsari. Wanda ke son bodin buhu 20 ya fara tanadin shanun da suka isa, ko bijimai huɗu, ko ya yarda ya riƙa cika shi a kan hanya mai tauri kaɗai. In kuɗin ba su kai ga wannan ba, sawu biyu da ƙaramin amalanke sun fi sawu guda da ya kwana a rairayi ana sauke buhuna ana sake ɗorawa. Maƙwabta uku ko huɗu kuma suna iya haɗa kuɗi su ɗauki hayar tarakta ran kwashe albasa, shanu su huta su jira damina.

Masu walda na Wurno da Rabah da Goronyo su ma da nasu rabo. Ya kamata ko wane amalanke ko tirela da ta fito daga hannunsu a rubuta mata da fenti iyakar buhunan da za ta ɗauka, a ja layi a bodi daidai kan aksul domin mai lodi ya san tsakiya, a kuma manna abin ƙyalli a baya saboda motocin dare a hanyar Sakkwato zuwa Goronyo. Malaman gona kuwa in sun fita rangadi su ɗauki ƙusar tirela ta gaskiya guda a jaka, su nuna wa mutane ita kusa da guntun rodi.