Abinci Sai Ya Ratsa Hanji

'Yan'uwa manoma, mun iya lissafin damin gero, amma ba mu cika tunanin inda tuwo ke zuwa bayan an haɗiye shi ba. Yakan bi maƙoshi ya sauka tumbi, inda ruwa mai tsami ke narkar da shi. Sa'an nan ya shiga ƙaramin hanji, mai tsawon wajen mita 6 a jikin babba. A nan ne amfaninsa ke ratsawa ya shiga jini. Babban hanji kuwa ya tsotse sauran ruwa.

To, in tsutsa ta zauna a hanji, ko zawo ya kama yaro, abinci sai ya wuce kamar ruwan sama a kan fako. A 2024 likitocin MSF sun auna yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Shinkafi da Zurmi, suka tarar ɗaya cikin huɗu na da tamowa. Gaskiya ne rashin tsaro ya tauye noma. Amma ɗan abin da muka samu, kada ƙazanta ta sace shi.

Saboda haka muna ganin ya kamata kowace ƙungiyar gama kai ta ware kuɗin masai da murfin rijiya, kamar yadda take ware na taki.

In zawo ya zo, kada a hana yaro nono ko ruwa. A dama sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin cokali a lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce. Sukarin ne ke jan gishiri da ruwa su ratsa hanji. In bai tsaya ba, sai asibiti.