Lasifikarka taka ce, kunnuwan unguwa fa?

Da an gama ɗaurin gero an zuba a rumbu, kuɗi kan ɗan kwana a aljihun samari, kuma ƴan shekarun nan na ga inda suke zuwa. A ƙauyukanmu na El Allassane Maïreyrey, cikin jihar Maraɗi, saurayin da ya ci kasuwar Mayahi ko ta Tasawa sau da yawa da kwali yake dawowa a bayan babur. A ciki lasifika ce mara waya, wadda ake haɗawa da salula ta Bluetooth ko a cusa mata katin memori.

Ɗan ƙanwata ya sayi uku cikin shekara biyu. Ta farko ba ta fi gwangwanin madara ba, a aljihu yake jefa ta in za shi gona. Ta biyu mai mariƙi ce, ana ratayawa. Ta uku kuwa, da ya dawo cirani daga Agadas, sai da aka kama masa wajen sauke ta: ga tayoyi kamar akwatin matafiya, ga fitilu ja da kore suna juyawa, ga makirfo. Na tambaye shi me ya sami ta biyun. Ya ce, "Kawu, lafiyarta lau. Ta abokina ce ke danne ta."

Ashe ba daɗin sauti yake nema ba, rinjaye yake nema. Nan ne nake da magana.

Bluetooth ɗin nan, da kamfanin Ericsson na Suwidin ya fara aikinsa a 1994, a irin waɗannan na'urori bai cika wuce mita 10 ba. Ka ɗan yi nisa da salularka, waƙa ta tsinke. Amma ƙarar da ke fita ba ta san mita 10 ba. Gidajenmu kuwa dangar kara ce da zana, in an yi ƙoƙari katangar laka. Tarin maƙwabci ma ana ji, balle ganga. Saboda haka wanda ya sayi babbar lasifika bai saya wa ɗakinsa ba, ya saya wa mai jego da jaririnta, da tsohon da hawan jini ya hana barci, da almajirin da ke bitar allonsa, kuma babu wanda ya yi shawara da shi a cikinsu.

Kada mai sa wa'azi ko karatu ya ce shi ba ya ciki. Malamanmu sun koya mana in ana karatun Alƙur'ani a yi shiru a saurara. To wanda ya ƙure murya da shi a kan mutanen da ke ciniki ko hira ko barci, wane hali ya jefa su? Haƙƙin maƙwabci ba ya faɗuwa don abin da aka kunna mai kyau ne.

Ga kuma cutar da mai saye ke yi wa kansa. Lambar da ake dannawa ɓaro-ɓaro a kwali, wat dubu kaza, galibi ta talla ce. Ta gaskiya ita ce wadda aka rubuta RMS a gefenta, in ma an rubuta, kuma ƴar kaɗan ce. Ko da gaskiya ce, ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa; kafin kunne ya ji ƙara ta ninka, sai an ninka ƙarfin kusan sau 10. Sannan wutar NIGELEC ba ta kai yawancin ƙauyuka ba. Da farantin sola ake caji, ko a biya mai shago, kuma babbar lasifika ci gare ta. Batirinta ba ya shiri da zafi, mu kuwa bazararmu ta saba haura digiri 40. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da matasa biliyan 1 na cikin haɗarin lalacewar ji saboda yadda suke saurare, ta kuma sa iyakar babban mutum a desibel 80 na awa 40 a mako. Kunnen da ƙara ta kashe ba ya dawowa.

Ni ba maƙiyin abin ba ne. Da rediyon mahaifina na tashi, mutum goma kan kewaye shi a tabarma ɗaya ana jin BBC, kowa ya matso don muryar ba ta da ƙarfi. Yau ma ƙaramar lasifika na yin wannan aikin: mata na daka suna jin tafsiri, tsoho na jin Shata a gindin bedi. In za ka saya, sa mai shago ya kunna maka maganar mutum, ba kiɗa ba, a rabin murya. In kalmomi sun fita tas, ta ishi tsakar gida.

Tsohuwar da ke bayan dangarmu ba ta taɓa kawo ƙarar ɗan ƙanwata ba. Sai dai na lura ta ɗauke tabarmarta daga inuwar da ta saba, ta koma can bayan turken awaki. Na ce, "Inna, yaron nan yana damunki ko?" Ta ce, "Yaro ne, ai sai haƙuri." Da zan tafi ta kira ni, ta ce in na shiga Mayahi in taho mata da maganin ciwon kai.