Ba kowane ciwon baya ba ne na noma

Ƴan uwa manoma na Safo da kewaye, kowa ya san ciwon bayan da hauya take kawowa. Idan aka huta kwana biyu, sai ya lafa. Amma akwai ciwon bayan da hutu ba ya yi masa magani. Ya fi kama dattawa, maza da mata. Jini ya ragu, zazzaɓi ya riƙa dawowa, har ƙashi ya karye ba tare da wata babbar faɗuwa ba. Wani lokaci wannan alamar sankarar ɓargo ce, wadda likitoci suke kira miyeloma.

A cikin ɓargo akwai ƙwayoyin halitta masu ƙera makaman da jiki yake yaƙar cututtuka da su. Idan ɗaya ta lalace, sai ta yi ta hayayyafa kamar ƙuduji a gonar hatsi. Tana cin ƙashi, tana hana jini samuwa, tana ɓata ƙoda.

Magungunan dā suna kama da wutar daji: suna ƙone ciyawa tare da shuka. Na yanzu kuwa suna neman inda cutar take da rauni. Ɗaya daga cikinsu shi ne bortezomib, wanda aka amince da shi a Amurka a shekarar 2003.

Ga yadda yake aiki. Kowace ƙwayar halitta tana da wurin da take niƙe shararta, kamar yadda kowane gida yake da rariyar fitar da ruwa. Ƙwayar miyeloma tana ƙera makamai dare da rana, saboda haka shararta ta fi ta kowa yawa. Maganin yana toshe wannan rariya. Gidan da ya fi zubar da ruwa shi ne yake fara cika. Idan shara ta yi wa ƙwayar yawa, sai ta kashe kanta. Masu lafiya kuwa, da yake shararsu kaɗan ce, galibinsu suna tsira.

Maganin ba ya tumɓuke cutar baki ɗaya, kuma yakan sa ƙafafu su yi sanyi ko zogi. Amma yana rage ciwo, yana ƙara wa majinyaci kwana cikin iyalinsa. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada.

Ra'ayinmu shi ne, magani ba ya amfanin wanda ya makara. Ciwon bayan da ya wuce wata guda, kada mu tsaya ga ƙaho da mai ɗori. Mu guji ƙwayoyin rage ciwo na ƴan talla, domin wasunsu suna ƙara lalata ƙodar mai wannan cuta. Mu kai dattijonmu gidan likita, mu nemi a auna jini da fitsari. Idan an tura mu Madarumfa ko Maraɗi, mu tafi da wuri.

Muna kuma kira ga hukumomin lafiya. Akwai cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa a Yamai, amma tafiyar tana da nisa, kuɗin magani kuma sun fi ƙarfin rumbun talaka. A kawo awo da magani kusa da mu, a kan farashin da manomi zai iya. Mu kuma namu shi ne saurin zuwa, domin da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.