LEDA BA TA RUFE ASIRIN DAƁE

'Yan uwana mata. Yau da ku nake, musamman masu shirin kai amarya da uwayen gida masu son a shigo ɗakinsu a ce masha Allah.

Wata ɗabi'a ta samu gindin zama a gidajenmu, tun daga Tudun Wada da Sabon Garin Gusau har Tsafe da Bunguɗu. Za a je jere a tarar da daɓen ɗaki ya farfashe, wani wurin ma har ƙasa ta fito. Maimakon a ce wa ango ya kira birkila, sai wata gwaggo ta ce, "Ku shimfiɗa leda mana, wa zai gani?" A shimfiɗa leda, a ɗora kafet, a danne da gado da kabet, a rangaɗa guɗa a watse. Haba jama'a! Wannan ai kitso ne da ƙwarƙwata.

Mu ne ba mu gani, amma gara tana gani, kyankyaso da kunama suna gani. Damina na sauka danshi zai taso ta tsagar nan, leda ta hana shi fita, kafet ya shanye, ɗaki ya ɗauki wari. Sai ki ga mace tana ta ƙona turaren wuta, tana zargin kishiya ta yi mata asiri, alhali asirin yana ƙarƙashin ƙafarta. Kuma wa ya fi kowa kusa da daɓen? Ɗanki mai rarrafe, wanda duk abin da ya tsinta sai baki. Ki yi ta kai shi kemis, yau gudawa, gobe tsutsar ciki.

Kada wata ta ce ina zuzuta abu. Mu 'yan Zamfara mun ga darasin da ya isa. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, inda ake dakan dutsen zinare a cikin gida. Ƙurar ta zauna a ƙasar tsakar gida da ɗakuna, yara wajen 400 suka rasu. Likitocin MSF ba su ga amfanin ba yaro magani ya koma kan ƙasar da ta kwantar da shi ba, sai da aka kankare ta aka zubo sabuwa. Bagega ma sai 2013 aka yi mata wannan aiki. Ba cewa na yi akwai dalma a ɗakinki ba, nufina ki gane cewa ƙasar da yaro ke wasa a kai lafiyarsa ce. Can ƙasar Meziko ma, tun 2000 hukuma ta shiga zuba wa talakawa siminti a ɗaki, aka kuma ga gudawa da tsutsar ciki sun ragu ƙwarai ga yara.

To yaushe daɓe ya wuce faci? Ɗaga ledarki ki duba. In tsaga ɗaya ce siririya, a toshe ta ya wadatar. Amma in kin ƙwanƙwasa kin ji yana amsawa kamar ganga, ƙasa ta zaftare a ƙarƙashi. In kina shara kina kwasar yashi kullum, simintin ya mutu. In bayan ledar ya yi baƙi yana gumi, ko kin ga hanyar gara, ko an yi faci sau biyu ya sake buɗewa, to a fasa a sake kawai. Kuma da rani ake yi. A cike ƙasa a danne sosai, a shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba siminti don ta tare danshi, a yi ta yayyafa ruwa kamar mako guda. Duk birkilan da ya ce gobe ki mayar da gado, kuɗinki kawai yake so.

Na san za a ce siminti ya yi tsada. Gaskiya ne. Amma ki lissafa kuɗin kafet da labule da jeren kwanukan da ba a cin abinci a cikinsu, ki gaya mini wanne ya fi. Iyayenmu ba su san tayil ba, amma in daɓe ya gaji sai mata su yi gayya, a zubo tsakuwa, a ɗauki madaɓi ana bugu ana waƙa, a shafe da makubar ɗorawa har ya yi santsi. Talauci bai hana su gyara ba, mu kuwa ƙarya ce ta hana mu.

Ku kuma maza, matsuguni haƙƙin mace ne a kanku. Iyayenta sun kawo gado da katifa, kai daɓen ma ya gagare ka? Malam, kafin ka fara neman ta biyu, leƙa ƙarƙashin ledar ta farko.

'Yar uwa, ki faɗa masa cikin ladabi, bayan ya ci ya ƙoshi, ki ɗaga ledar ya gani da idonsa. Ku kuma 'yan jere, in kun tarar da rami kada ku shimfiɗa komai sai an gyara. Gara a ɗaga jere da mako biyu da a kai yarinya ɗakin da zai cinye kayanta da lafiyar 'ya'yanta.

Allah Ya ba mazajenmu abin yi mana, mu kuma Ya ba mu ikon faɗin gaskiya, amin.