SHARHI: Ina Rabon Tsofaffin Da Aka Bari A Gida?

A duk ƙarshen wata, wanda ya leƙa wurin masu POS a Agege ko Mil 12 cikin Ikko, ko Sabo ta Badun, zai iske 'yan Arewa suna aika kuɗin cefane gida. Da maigadi da ɗan acaɓa da mai goro, kusan kowa yana da tsoho ko tsohuwa da ke dakon wannan saƙo. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, hatsi da magani da kuɗin mota suka yi tsada, abin da a da ya kan kai wata yanzu ba ya kaiwa. Abin tambaya shi ne, ina rabon waɗannan dattawa a aljihun hukuma?

Sashe na 16 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati kula da tsofaffi da biyansu fansho. Sai dai yana cikin babi na biyu, wanda ba a kai gwamnati kotu a kansa. Shugaba Buhari ya sa hannu a kan dokar Cibiyar Dattawa ta Ƙasa a 2018, ta kuma fara aiki a 2021, amma ba ta ɗora kowa a kan albashin wata-wata ba. Jihar Ekiti ta taɓa biyan Naira 5,000 duk wata ga masu shekara 65 zuwa sama daga 2011. Fansho na ƙasa baki ɗaya ga tsohon manomi ko ɗan tireda kuwa, har yau babu shi.

Duk da haka akwai ƙofofi uku da ya kamata a ƙwanƙwasa. Ta farko ita ce fansho, ga wanda ya yi aikin gwamnati. Tsofaffin ma'aikatan Tarayya na tsohon tsari, kamar na reluwe da 'yan sanda da kwastan, hukumar PTAD ce ke biyansu, kuma lokaci-lokaci sai sun tabbatar suna raye ta intanet. Wanda bai yi ba, ana iya tsayar da kuɗinsa. Waɗanda su ka shiga tsarin adashi na 2004 su nemi kamfanin da ke riƙe da asusunsu, ma'aikatan jiha kuma su nemi hukumar fanshon jiharsu.

Ta biyu ita ce asibiti. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sa tsofaffi cikin masu rauni da za a biya wa kuɗin magani. Hukumomin jihohi, irin su KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna, su ke ɗaukar sunaye, kuma galibi a ƙaramin asibitin mazaɓa a ke duba mutum. Guraben ba su da yawa, amma mai hawan jini ko ciwon sukari in ya samu, an rage wa ɗansa nauyi babba.

Ta uku ita ce rajistar marasa galihu, wadda daga cikinta a 2023 gwamnati ta yi shelar ba gidaje miliyan 15 Naira 25,000 sau uku. Har ila yau akwai hukumomin zakka, kamar na Kano da Sakkwato.

To, mabuɗin yawancin ƙofofin nan ɗaya ne: lambar NIN da asusun banki masu suna iri ɗaya. A nan ne tsohon ƙauye ya ke faɗuwa. Wani ba shi da lambar, wani an rubuta sunansa daban a banki, wani noma ya cinye zanen yatsunsa. Saboda haka mai zuwa gida Sallah ko damina gara ya ware kwana biyu ya kai iyayensa a daidaita takardunsu, ya kuma gargaɗe su kada su ba kowa lambar sirrin kati.

Amma fa kuɗi ba ya juya wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ba ya yi masa wanka. Wannan aiki matar da aka bari a gida ce ko ƙanwa ke yinsa dare da rana, sau da yawa ba a ko ambatonta. Adalci shi ne 'yan'uwa su zauna su yanka mata nata kaso, su kuma riƙa karɓa-karɓar zuwa jinya. Sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa a Kurmi za su iya buɗe asusun jinyar iyaye, kamar yadda a ke haɗa kuɗi in an yi rasuwa.

Shi ma ɗan ci-rani ya tuna cewa tun 2019 hukumar PenCom ta buɗe tsarin fansho na masu sana'ar kansu, inda mutum ke zuba abin da ya samu kaɗan-kaɗan. Gwamnonin Arewa kuwa, lokaci ya yi da za su sa kuɗin tsofaffi cikin kasafin shekara, su kafa shi da doka yadda ba zai mutu da saukar gwamna ba. Allah ya sa su ji.