Ba Kowane Ƙaranci Ne Ciwo Ba

'Yan'uwa manoma, yanzu da yawa cikinmu sukan dawo daga asibiti da takardar awon jini a hannu. In mutum ya ji an ce CRP ɗinsa ya yi ƙasa ƙwarai, sai gabansa ya faɗi, ya nufi kantin magani neman maganin ƙarin jini. Mu dai a ganinmu wannan ɓarnar kuɗin gumi ce.

CRP wani sinadari ne wanda hanta take zubawa cikin jini sa'ad da jiki yake fama da ƙwayar cuta ko rauni. A Amurka aka gano shi, a shekarar 1930. In ciwon huhu ko zazzaɓin cizon sauro ya yi tsanani, yakan haura miligiram 100 a lita ɗaya ta jini. In an warke, sai ya sauka. Kamar hayaƙi yake, wuta yake nunawa. Saboda haka in babban mutum mai lafiya ya ga nasa bai kai miligiram 1 ba, abin godiya ne. Ƙarancin jini wani abu ne dabam, awonsa ma dabam.

Amma fa kada mu sake jiki. Wannan awo ba ya nuna hawan jini ko ciwon sukari, su kuwa a ɓoye suke cin mutum. Bari kowace ƙungiya ta gayyaci ma'aikacin lafiya ya auna mana su ranar taro. Kuɗin kwalabe kuwa, mu sayi iri da taki. Allah ya ƙara mana lafiya.